Madannai da Linzami a Cikin Taminal: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa gwada rubuta manhaja irin su Vim ko htop, wato wadda ke mamaye fuskar taminal (tagar rubuta wa kwamfuta umarni) baki ɗaya, ya san zane a allo ba shi ne mai wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sauraren mai amfani: me ya danna, yaushe ya danna, ina ya ajiye linzami. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a kan wannan, da amsoshinsu. Yawancin bayanin ya shafi Linux da danginsa na Unix ne, amma Windows ma na da nasa sashen a ƙasa.

Idan na danna maɓalli, me manhajata take samu?

Bait take samu, wato lamba tsakanin 0 da 255, ko jerin irin waɗannan lambobi. Ba a gaya mata "an danna maɓalli kaza". Danna ƙaramin a, ta sami 97. Danna Enter, ta sami 13. Danna kibiyar sama, ta sami bait uku a jere. Babu alamar inda wannan maɓalli ya ƙare wancan ya fara, babu lokacin dannawa, babu labarin sakin maɓalli.

Dalilin yana cikin tarihi. Asalin taminal na'ura ce mai zaman kanta, allo da madannai, da ake haɗawa da babbar kwamfuta ta waya guda. Irin wannan ce VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978. Abin da wayar ke iya ɗauka shi ne haruffa, ɗaya bayan ɗaya. Taminal ɗin da kake buɗewa yau, xterm ne ko Konsole ko Alacritty, manhaja ce da ke kwaikwayon waccan na'urar, don haka ta gaji yarenta. Wanda ya riƙe wannan a ransa, rabin tambayoyin da ke ƙasa zai iya amsa su da kansa.

Me ya sa manhajar ba ta ganin komai sai na danna Enter?

Saboda akwai mai tsaron ƙofa tsakaninka da madannai. A yanayin da taminal ke farawa da shi, tsarin aiki yana tara abin da aka rubuta har layi ya cika. Shi ke nuna haruffan a allo, shi ke goge wanda aka goge, sai an danna Enter ya miƙa maka layin gaba ɗaya. Ga manhajar da ke tambayar suna ta jira amsa, wannan sauƙi ne babba. Ga editan rubutu kuwa cikas ne.

Mafita ita ce shiga abin da ake kira ɗanyen yanayi, ta hanyar termios, wato tsarin saitunan taminal na Unix. Ka ɗauko saitunan yanzu da tcgetattr, ka adana kwafinsu a gefe tun kafin ka taɓa komai, ka canza abin da kake so, ka mayar da tcsetattr. Tutoci biyu na farko (wato saitunan da ake kunnawa ko kashewa) da ake kashewa su ne ICANON, mai tara layi, da ECHO, mai nuna abin da aka danna. Sannan akwai VMIN da VTIME masu faɗin yadda read, kiran da ke karanto bait, za ta jira. In VMIN ya zama 1, VTIME ya zama 0, za ta tsaya har bait ɗaya ya iso. In VMIN ya zama 0, VTIME ya zama 1, za ta dawo bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko da hannu rabbana, domin da wannan ma'auni ake ƙirga VTIME.

Na kashe su biyun, amma Ctrl+C yana kashe manhajar, Ctrl+S kuma yana daskarar da allo. Me ya rage?

Sauran tutocin. ISIG ita ke mayar da Ctrl+C zuwa siginar SIGINT, wato saƙon tsarin aiki mai katse manhaja, Ctrl+Z zuwa SIGTSTP mai dakatar da ita. IXON ita ke kama Ctrl+S da Ctrl+Q, waɗanda a da ake amfani da su a ce wa kwamfuta "dakata" da "ci gaba" idan ta fi na'urar sauri. ICRNL tana mayar da 13 na Enter zuwa 10. IEXTEN tana riƙe Ctrl+V. Akwai kuma OPOST ta ɓangaren fitarwa: da zarar ka kashe ta, sabon layi zai sauka ƙasa ba tare da ya koma gefen hagu ba, rubutu ya yi ta gangarawa kamar matakala, sai ka riƙa tura 13 da 10 tare da kanka. A tsare-tsare da yawa cfmakeraw tana yin duk wannan a lokaci guda.

Shawarata ita ce kada a kashe ISIG don kawai ana iyawa. Mutum ya saba in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Ctrl+C zai fitar da shi. In ka ƙwace masa wannan, nauyi ya hau kanka ka kama bait 3 da kanka ka ba shi hanyar fita. A ncurses, laburaren C na rubuta manhajojin taminal, bambancin yanayin cbreak da na raw ke nan: cbreak na barin siginonin, raw na miƙa maka su a matsayin bait.

Yaya zan gane kibiyoyi da Home da F5?

Waɗannan ba su da gurbi a ASCII, tsohon tsarin ba wa haruffa lambobi, don haka ana tura su a jere mai farawa da ESC, wato bait 27. Kibiyar sama ESC [ A ce, ta ƙasa B, ta dama C, ta hagu D. Delete shi ne ESC [ 3 ~, Page Up yana ɗauke da 5, Page Down 6. A xterm, F1 zuwa F4 su ne ESC O P har zuwa ESC O S, amma F5 ya zama ESC [ 15 ~, F6 kuma ya tsallake 16 ya zama 17.

In an haɗa da Shift ko Alt ko Ctrl, ana ƙara lamba. Shift 1 ne, Alt 2, Ctrl 4. A tara su, a ƙara 1. Ke nan Ctrl da kibiyar sama ESC [ 1 ; 5 A ne, Ctrl da Shift tare kuma 6.

Abubuwa biyu ke tuntuɓe da sabon shiga. Na farko, akwai yanayin da in aka kunna shi kibiyar sama ke komawa ESC O A, don haka a karɓi siffofin biyu. Na biyu, taminal-taminal ba su yi ittifaƙi kan Home da End ba: wani ya turo ESC [ H, wani ESC [ 1 ~, rxvt kuma ESC [ 7 ~. Don magance wannan aka yi ma'ajiyar terminfo, wadda ke duba sunan da ke cikin TERM ta faɗi abin da wannan taminal ke turowa. Umarnin infocmp zai nuna maka abin da ke ciki. A ncurses, kiran keypad ne ke sa getch ta riƙa ba ka KEY_UP maimakon bait uku warwatse.

Me ya sa maɓallin Esc yake jinkiri?

Wannan ita ce tsohuwar matsalar da babu wanda ya tsallake ta. Bait 27 ya iso. Shin mai amfani ne ya danna Esc, ko farkon kibiya ne, sauran na nan tafe? Ko kuwa Alt ne da wani harafi, tunda yawancin taminal suna tura Alt+x a matsayin ESC sannan x? Daga bait ɗin kaɗai babu yadda za a sani.

Abin da ake yi shi ne jira. In wani bait ya biyo baya nan take, jere ne. In shiru ya yi tsawo, Esc ne. A ncurses wannan jiran ana kiransa ESCDELAY, kuma yana farawa ne da milisakan 1000, daƙiƙa guda cur, abin da ya sa manhajoji da yawa ke jin nauyi idan aka danna Esc. Ana rage shi da set_escdelay. Vim na da ttimeoutlen, tmux, manhajar raba taminal gida-gida, na da escape-time, duk maganin ciwo ɗaya.

To nawa ya kamata a sa? A kan kwamfutar da ke gabanka, milisakan 25 zuwa 50 sukan wadatar. Amma ka tuna da mai shiga kwamfutar daga nesa ta SSH a kan intanet mai rauni: jeren kibiya na iya rabewa gida biyu, ESC ya iso, sauran su makara. In jiranka ya yi gajarta, manhajar za ta ɗauka Esc aka danna, ta rufe abin da mutum ke ciki, sannan ta zuba masa [ da A a cikin rubutunsa. Don haka ka bar wa mai amfani damar canza adadin. Kuma mai warware jerenka, wato kod ɗin da ke fassara bait zuwa maɓallai, ya zama mai tuna inda ya tsaya, kada ya ɗauka read guda za ta kawo jere cikakke. Wani lokaci rabi za ta kawo, wani lokaci maɓallai biyar a dunƙule.

Ina so Tab ya yi wani aiki, Ctrl+I ya yi wani. Me ya hana?

Bait ɗinsu ɗaya ne, 9. Abin da Ctrl ke yi a tsohon tsari shi ne ya ɗauki lambar harafi ya bar bit biyar na ƙasa kawai daga cikin takwas da ke cikin bait. Shi ya sa Ctrl+A ya zama 1, Ctrl+C ya zama 3, Ctrl+I ya faɗa kan Tab, Ctrl+M ya faɗa kan Enter, Ctrl+[ ya faɗa kan Esc. Haka nan Ctrl+Shift+A ba ya bambanta da Ctrl+A, kuma a yawancin taminal Shift+Enter da Enter duk 13 ne. Maɓallin gogewa ma wani taminal 127 yake turowa, wani 8, don haka a karɓi duka.

Babu hanyar da zan san an saki maɓalli? Wasa nake rubutawa.

A tsohon tsari babu. Abin da za ka gani in aka danne maɓalli shi ne harafin yana maimaituwa bayan ɗan jinkiri.

Amma an samu ci gaba. xterm, wanda Thomas Dickey ke kula da shi kamar yadda yake kula da ncurses, yana da modifyOtherKeys mai raba su Ctrl+I da Tab. Paul Evans ya ba da shawarar a riƙa tura lambar harafi da lambar haɗi a rufe da u. Kovid Goyal ya gina ƙa'idar madannai ta kitty a kan wannan shawarar, kuma foot da WezTerm da Alacritty da Ghostty sun karɓe ta. Ana kunna matakin farko da ESC [ > 1 u, a kashe da ESC [ < u. A wannan matakin Esc yana zuwa a matsayin ESC [ 27 u, matsalar jira ta kau gaba ɗaya. In ka ƙara tuta ta 2, za ka sami dannawa da maimaitawa da saki, kowanne da lambarsa: 1, 2, 3.

Kada dai ka jingina rayuwar manhajar a kanta. Ka tura ESC [ ? u ka ga ko taminal zai amsa. In bai amsa ba, ka koma tsohon tsari. Muhimman ayyuka kamar adanawa da fita su kasance a kan maɓallan da ke aiki ko'ina.

Na rubuta ƙ ko ɗ, sai shara ta fito. Me ya faru?

Ka ɗauki kowane bait a matsayin harafi ne. A UTF-8, tsarin da ake rubuta haruffa da bait, ƙ bait biyu ne, 198 da 153. Ɗ da ɓ ma biyu-biyu ne. Wasu haruffan sukan kai huɗu. Bait na farko ne ke faɗin adadin masu biyo shi, sai a tara su kafin a ce an sami harafi. A ncurses ka kira setlocale tun farko, ka haɗa da ncursesw, ka yi amfani da get_wch a madadin getch. Gogewa ma ta cire harafi cikakke, in ba haka ba za ka bar rabin ƙ a cikin fayil ɗin mutum. Faɗin harafi a allo kuma wani batu ne daban: haruffan Sinanci gurbi biyu suke ci, kuma wcwidth ce ke faɗin haka.

Yaya ake kunna linzami?

Taminal ba ya kawo labarin linzami sai ka roƙa, kuma roƙon rubutu ne da kake turawa ta hanyar fitarwa. ESC [ ? 1000 h yana kawo dannawa da saki. 1002 yana ƙara ja, wato motsi yayin da aka danne. 1003 yana kawo kowane motsi ko ba a danne komai ba. Ana kashe kowanne da irin jerensa, sai dai ƙaramin l a madadin h.

Tare da kowanne daga cikinsu ka kunna 1006. Da shi rahoto ke zuwa a siffa mai sauƙin karantawa: ESC [ < 0 ; 42 ; 7 M na nufin an danna maɓallin hagu a ginshiƙi na 42, layi na 7. In aka saki, jeren ɗaya ne amma da ƙaramin m. Lambar farko 0 ce ga hagu, 1 tsakiya, 2 dama. Shift na ƙara 4, Alt 8, Ctrl 16, motsi 32. Tayar gungurawa 64 ce zuwa sama, 65 zuwa ƙasa, kuma ba ta da saki. Ƙirgar taminal daga 1 take farawa, alhali kod ɗinka mai yiwuwa daga 0 yake farawa, sai a kula.

Rahoton yana shigowa ne ta ƙofar da madannai ke shigowa, a cakuɗe da su. Mai warwarewa ɗaya ne zai karɓi duka. Game da 1003 kuwa, kada ka kunna shi sai in da gaske kana son abu ya canza launi idan manuni ya hau kansa, domin ruwan rahoto yake zubowa, kuma mai aiki ta SSH shi zai ji a jikinsa.

Linzami na aiki a hagun allo, amma a can dama ya ƙi. Me ya sa?

Ba ka kunna 1006 ba. Tsohon tsarin yana tura ESC [ M sannan bait uku, na maɓalli da ginshiƙi da layi, an ƙara wa kowanne 32. Tunda bait ba ya wuce 255, ginshiƙi na 223 shi ne iyaka. Tsohon tsarin yana da wani aibi kuma: duk saki lambarsa 3 ce, ba za ka san wane maɓalli aka saki ba. An gwada 1005 da 1015 don gyara iyakar, amma 1006 ne ya samu karɓuwa.

Tunda na kunna linzami, masu amfani sun kasa kwafar rubutu. Laifin wa?

Naka ne, ko da ba da gangan ba. Zaɓen rubutu da linzami aikin taminal ne, kai kuma ka ce duk dannawa a kawo maka. A yawancin taminal, danne Shift yayin ja yana dawo da zaɓen, amma ba kowa ya san haka ba. Ka rubuta shi a shafin taimako, ka kuma ba da hanyar kashe linzamin. Ra'ayina a nan ba ya rawa: duk abin da linzami ke yi a manhajar taminal, ya zama madannai ma na iya yi. Akwai masu aiki a inda babu linzami sam, akwai kuma makafi masu amfani da manhajar karanta allo, waɗanda madannai ne hanyarsu.

Danna sau biyu fa?

Taminal bai san shi ba. Kai za ka auna tazarar lokaci tsakanin dannawa biyu a wuri ɗaya. ncurses na yin haka da kanta, tana jiran kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, kuma mouseinterval ce ke canza wannan. In ka ji linzami na nauyi a ncurses, nan za ka fara dubawa.

In aka manna dogon rubutu, manhajar tana ɗaukarsa umarni. Akwai magani?

Akwai, kuma ya kamata kowa ya kunna shi. Tura ESC [ ? 2004 h, taminal zai riƙa sa ESC [ 200 ~ a farkon abin da aka manna, ESC [ 201 ~ a ƙarshensa. Duk abin da ke tsakani rubutu ne zalla, ko da akwai Enter a ciki. Wannan ya wuce batun jin daɗi, batun tsaro ne: mutum na iya kwafo layi daga wani shafi da ɓoyayyen Enter a ƙarshensa, umarni ya gudana kafin ya karanta. Makamancinsa shi ne 1004, mai turo ESC [ I idan an shigo tagar, ESC [ O idan an bar ta.

Yaya zan saurari madannai ba tare da manhajar ta tsaya cik ba?

Da poll ko select. Ka ba su ƙofar shigarwa da sauran abin da kake jira, da iyakar lokaci, su tashe ka idan wani abu ya faru. Kada ka yi madaukin da ke tambaya ba hutu, batirin mutane zai cinye a banza. Canjin girman taga ba ya zuwa a matsayin bait. Sigina ce, SIGWINCH. A cikin mai kama siginar ka ɗaga tuta kawai, ko ka rubuta bait ɗaya a bututun da poll ke kallo, sannan a babban madauki ka tambayi sabon girma da TIOCGWINSZ ka sake zane.

In kuma an turo wa manhajarka bayanai ta bututu, kamar yadda ake yi wa less, to ƙofar shigarwa ba madannai ba ce. isatty za ta gaya maka haka, sai ka buɗe /dev/tty ka karanta maɓallai daga can.

Manhajar ta faɗi, yanzu ba na ganin abin da nake rubutawa, motsa linzami kuma na zubo lambobi. Yaya zan yi?

Don gyaran nan take, rubuta reset ko stty sane ko da ba ka gani, ka danna Enter. In Enter ya ƙi, danna Ctrl+J. Rahoton linzami reset ne ke kashe shi, domin stty saitunan termios kawai yake taɓawa.

Gyaran gaskiya kuwa yana cikin kod. Taminal aro ka karɓa, kuma saitunan da ka canza ba sa komawa da kansu idan ka fita. Ka rubuta aiki guda mai mayar da komai: termios na asali, kashe linzami, kashe 2004, kashe ƙa'idar kitty, dawo da manuni da ESC [ ? 25 h, barin allo na biyu, wato wanda manhajar ke zane a kai, da ESC [ ? 1049 l. Ka kira shi a fita ta lafiya, a SIGINT da SIGTERM, da kuma lokacin faɗuwa, kafin a buga saƙon kuskure, in ba haka ba saƙon zai ɓace tare da allo na biyu. Ctrl+Z ma haka: mayar da komai kafin dakatawa, sake kunnawa idan SIGCONT ya zo. SIGKILL da SIGSTOP ne kaɗai ba a iya kamawa.

Windows fa?

Hanyarsa ta asali daban ce, kuma ta wata fuskar ta fi tsabta. ReadConsoleInput tana ba ka bayanai a tsare: wane maɓalli, an danna ne ko an saki, ina linzami yake, yaya girman taga. Don samun linzami ka kunna ENABLE_MOUSE_INPUT da SetConsoleMode, ka kashe ENABLE_QUICK_EDIT_MODE, wanda shi ke riƙe linzamin don zaɓen rubutu. Tun Windows 10 akwai kuma ENABLE_VIRTUAL_TERMINAL_INPUT, mai sa maɓallai su zo a jeren ESC kamar na Unix, don mai warwarewa ɗaya ya yi aiki a ɓangarorin biyu.

In rubuta duk wannan da kaina, ko in ɗauki laburare?

In manhajar ta mutane ce, ɗauki laburare: ncurses ko notcurses a C, crossterm a Rust, Bubble Tea a Go, prompt_toolkit ko Textual a Python. Sun riga sun sha fama da taminal iri-iri da ba za ka taɓa gwadawa ba. Amma ina ƙarfafa kowa ya rubuta ƙaramar manhaja sau ɗaya, layi 40 ko 50, mai shiga ɗanyen yanayi ta buga lambar kowane bait da ya iso, ta fita idan an danna q. Ka danna komai ka gani. Sannan ka maimaita a cikin tmux, domin shi ma taminal ne a tsakiya, yana karanta jeren yana sake rubuta shi da nasa salon, ka kuma maimaita ta SSH. In kana gaggawa, cat -v ko showkey -a za su nuna maka kusan abu ɗaya ba tare da ka rubuta ko layi guda ba.